Paparoma Benedik na 15: Makiyayin da Ya Nemi Salama a Tsakiyar Yaƙi

A wannan fitowa za mu tuna da wani bawan Allah wanda ya hau kujerar Bitrus Mai Tsarki wata ɗaya bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma ƙare kwanakinsa yana neman sulhu tsakanin al'ummai.

An haifi Giacomo della Chiesa a Jenowa ta ƙasar Italiya ran 21 ga Nuwamba, 1854. Ya fara da karatun shari'a, ya sami digiri a 1875, sa'an nan aka keɓe shi firist a 1878. Ya yi shekaru yana aikin jakadancin Ikilisiya a Madrid da Roma, inda ya ga yadda masu mulki suke tunani idan ana maganar iko da martaba. A 1907 ya zama Akbishop na Bolonya, a watan Mayu 1914 ya zama Kadinal, ran 3 ga Satumba na shekarar kuwa aka zaɓe shi Paparoma.

Cikin wasiƙarsa ta fari ga Ikilisiya duka, ta 1 ga Nuwamba, 1914, ya nemi tushen yaƙin a zuciyar mutum. Abubuwa huɗu ya ambata: rashin ƙauna tsakanin mutane, raina shugabanci, rashin adalci tsakanin masu hali da talakawa, da kwaɗayin abin duniya. A ganinsa, kafin a harba bindiga, an riga an daina kallon maƙwabci a matsayin ɗan'uwa. Da Kirsimeti ya matso, ya roƙi a tsagaita wuta. Gwamnatoci suka ƙi, ko da yake a wasu wurare sojoji da kansu sun ajiye makamai a ranar, suka gaisa da abokan gāba.

Katolika suna cikin rundunonin ɓangarori biyun, saboda haka ya ƙi goyon bayan kowa. Wannan ya jawo masa zargi: a Faransa aka ce na Jamus ne, a Jamus kuma aka ce na Faransa ne. Haka yaƙi yake yi wa hankali, wanda bai tsani maƙiyinka ba sai ka ɗauke shi maƙiyi. Har ma a yarjejeniyar asiri ta Landan ta 1915, Italiya ta sa ƙawayenta suka yarda kada a ba Fadar Paparoma wuri a teburin sulhu.

Ran 1 ga Agusta, 1917, ya aika wa shugabannin ƙasashen da takardar shawarwari. Ya nemi a rage makamai tare, a kafa hanyar sasanta rigingimu ta wurin masu shiga tsakani, a yafe wa juna diyyar yaƙi, a janye daga Beljiyam da arewacin Faransa, a kuma mayar wa Jamus yankunan da take mallaka a ƙetare. Kamaru tana cikinsu, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi daga 1914 zuwa 1916. Shugaba Wilson na Amurka ya ƙi, Jamus kuwa ba ta yi alkawarin barin Beljiyam ba. Miliyoyi sun riga sun mutu, kowane ɓangare yana ganin in ya tsaya ba nasara, jinin 'ya'yansa ya zuba a banza. Don haka aka ci gaba da zub da wani jinin har Nuwamba 1918.

Da maganarsa ba ta karɓu ba, bai naɗe hannu ba. Ya buɗe ofis a Batikan na neman labarin fursunonin yaƙi da sada su da iyalansu, ya taimaka aka kai marasa lafiya daga cikinsu Suwizalan, ya rubuta wa Sarkin Daular Usmaniyya a 1915 don ceton Armeniyawa, ya kashe dukiyar fadarsa wajen ciyar da mayunwata ba tare da duban addini ba. A 1921 aka kafa mutum-mutuminsa a Istanbul domin godiya. Shi ne kuma ya ƙara sunan Sarauniyar Salama cikin addu'ar roƙon Maryamu a 1917.

A watan Mayu 1920, bayan yarjejeniyar Basai, ya yi gargaɗi cewa sa hannu a takarda ba zai dawwama ba muddin ƙiyayya tana nan a zuci, ba a kuwa gafarta wa juna ba. Ciwon huhu ya ɗauke shi ran 22 ga Janairu, 1922, yana da shekara 67. A 1939 garwashin da toka ta rufe ya sāke kamawa. A 2005 Paparoma Benedik na 16 ya ɗauki sunansa, yana tunawa da wannan aiki na sulhu.

Mu ma da muke zaune tare da maƙwabta na kabilu da addinai dabam dabam, rayuwarsa tana tambayarmu abin da muke ajiyewa a zuci bayan an yi sulhu a bainar jama'a. Mai shiga tsakani yakan sha zargi daga kowane gefe, amma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Maryamu, Sarauniyar Salama, ki yi addu'a dominmu.