Reggie White: Ƙaton Da Ya Koma Ɗalibi

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28

'Yan'uwa cikin Almasihu, a Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo da ake ɗaukar ƙwallon a hannu, ƙarti suna karo da juna ƙirji da ƙirji. Wanda ya taɓa kallon kokawa bayan girbi a ƙasar Mafara ko Bakura zai gane aikin 'yan layin gaba a wasan: ka ture na gabanka, ka kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. A wannan aiki kaɗan ne suka kamo ƙafar Reggie White.

An haife shi a Chattanooga, jihar Tennessee, ran 19 ga Disamba 1961. Yana da shekara 17 aka naɗa shi mai wa'azi a ikkilisiyar Baptist. A Jami'ar Tennessee aka laƙaba masa Ministan Tsaro, domin a Turanci kalmar minista tana nufin fasto kuma. Ya buga wa Philadelphia Eagles wasa daga 1985 zuwa 1992, ya koma Green Bay Packers daga 1993 zuwa 1998, ya ƙare da Carolina Panthers a 2000. Sau 198 ya kayar da mai jefa ƙwallo a gasar NFL, har da 21 cikin wasanni 12 kacal a 1987. A Janairun 1997 ƙungiyarsa ta ci kofin Super Bowl, shi kuwa ya yi kayarwa uku a ranar.

Bai ɓoye bangaskiyarsa ba. Yakan yi wa'azi a titunan Philadelphia, yakan kuma durƙusa a fili bayan wasa ya yi addu'a tare da abokan hamayya. A Janairun 1996 aka cinna wa majami'ar da yake hidima a Knoxville wuta, bai kuwa daina shaidar Yesu ba.

Sai dai babban darasin yana ƙarshen rayuwarsa. Da ya bar wasa, ya duba kansa ya ga cewa suna ne ya riƙa buɗe masa bagade, alhali bai zurfafa cikin Maganar Allah ba. Ya janye daga yawan wa'azi, ya zauna koyon Ibrananci domin ya karanta Tsohon Alkawari da kansa. Yana cikin wannan karatu ya rasu ran 26 ga Disamba 2004, yana da shekara 43, sakamakon ciwon zuciya. A 2006 aka sa sunansa cikin gwarazan wasan.

Haka Afolos ya yi. Yana da baki, yana da himma, amma ya yarda Akila da Bilkisu suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah.

Ɗan'uwa, kai da ke jagorantar addu'a ko waƙa a Janbako, yaushe rabonka da ka zauna a koya maka? Baiwa takan kai mutum bagade da wuri, amma saiwa ce ke riƙe itace ranar guguwa. Kada ka ce sai ka tsufa. White bai kai 44 ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni tawali'un ɗalibi. Bari Ruhu Mai Tsarki ya kafa ni cikin Maganarka kafin in buɗe baki in koya wa wasu. Cikin sunan Yesu, amin.