Amadu Kuran Daga: Sarkin da ya bar fadar Damagaram bayan yaƙin Tirmini

Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Zinder, da wuya ya fita bai tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ba. An gina ta ne wajajen shekarar 1850, a zamanin Sarki Tanimu, kuma har yau a cikinta sarki yake zama, dogarai na kai da kawowa a bakin ƙofa. Sarakuna da dama sun zauna a gidan, amma ɗaya ne ya fita daga cikinsa zuwa fagen fama bai sake samun zama a ciki ba, shi ne Sarki Amadu Kuran Daga, sarki na ƙarshe da ya mulki Damagaram kafin Turawan Faransa su karɓe ta.

Gidan da ya gada

Amadu ɗan Sarki Tanimu ne, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. Tanimu ne ya kewaye Zinder da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa a cikin gari. Dukiyar da ta ɗauki nauyin wannan aiki ta fito ne daga fatauci. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Agadas, ya ya da zango a Zinder kafin ya wuce Kano, ana cinikin gishiri da fatu da gashin jimina da kuma bayi.

Bayan rasuwar Tanimu, ɗansa Sulaimanu ɗan Aisa ya yi sarauta har zuwa 1893, sannan Amadu ya hau. A wannan shekarar ce Rabe ya ci Borno, ƙasar da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa. Faɗuwar Shehun Borno ta sa Damagaram ta tsaya da ƙafarta, amma ta bar ta da maƙwabci mai ƙarfi a gabas wanda babu wanda ya amince da shi.

Amadu ya mayar da hankalinsa kudu. Ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, inda aka gwabza a wurare irin su Gezawa da Tattarawa. Irin wannan jarumta ce ta sa laƙabin Kuran Daga ya bi shi.

Baƙon da bai koma ba

A watan Afrilun 1898, wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Zinder da 'yan sojoji kaɗan. An karɓe shi hannu bibbiyu, amma sai aka gane cewa niyyarsa ita ce ya wuce gabas ya gana da Rabe. Ga sarki da fadawansa, ƙawance tsakanin Rabe da Turawa na nufin Damagaram za ta shiga tsaka mai wuya.

Ranar 5 ga Mayun 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa mai suna Olive. Sojojinsa sun yi artabu da dakarun sarki na wasu kwanaki, sannan suka janye zuwa yamma.

A daidai wannan lokaci, ana wata magana a can Paris wadda mutanen Zinder ba su da hannu a ciki. Ranar 14 ga Yunin 1898, makonni shida kacal bayan kisan, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba iyaka, wadda ta bar Zinder a ɓangaren Faransa. Ke nan ko da an bar Cazemajou ya wuce lafiya, an riga an rubuta sunan Damagaram a takardar wasu. Abin da kisan ya ƙara shi ne hujjar zuwa da sunan ramuwar gayya.

Ranar Tirmini

Rundunar da ta nufo Zinder a 1899 ita ce ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda ta bar mummunan tarihi a kan hanyarta. Ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ta ƙone garuruwa masu yawa. Ta'asar ta kai har gwamnatin Faransa ta turo Kanar Klobb ya binciki lamarin, amma Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Kwanaki kaɗan bayan haka, sojojin suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet a yankin Maijirgi.

Mutuwar shugabannin biyu ba ta tsayar da tafiyar ba. Laftanar Pallier ya karɓi ragama, tare da Joalland da Meynier, suka ci gaba zuwa gabas.

Sarki Amadu bai jira su a bayan ganuwar mahaifinsa ba. Ya fito da dawakai da 'yan bindiga ya tare su a Tirmini, garin da ke yamma da Zinder a kan hanyar Maraɗi, a ƙarshen watan Yulin 1899. Dakarunsa sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma bindigoginsu na da ne, su kuwa sojojin Faransa na ɗauke da na zamani masu saurin harbi da cin dogon zango. Rundunar Damagaram ta watse, Turawa suka shiga Zinder, sarki kuma ya fice da sauran mutanensa.

An bi sawunsa har aka cim masa a Rumji a watan Satumban 1899, inda aka kashe shi. Shi ya sa wasu ke kiransa Amadu mai Rumji. Watanni bakwai bayan haka, ranar 22 ga Afrilun 1900, Faransawa suka kashe Rabe a yaƙin Kusuri, wato mutumin da sarkin ya ji tsoron za su haɗa kai da shi.

Fadar bayan Kuran Daga

Turawa sun naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Bassa, amma a 1906 suka zarge shi da ƙulla makircin kashe su, suka tuɓe shi, suka kai shi ƙasar Kwaddibuwa. Aka bar riƙon ƙasa a hannun Ballama, ɗaya daga cikin bayin fada. Sai a 1923 sarauta ta dawo gidan Tanimu da naɗin Barma Mustafa, wanda ya zauna har 1950, sannan Sanda Umaru ya gaje shi. Zinder kanta ta riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai.

Tun 2006 unguwar Birni da fadar ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Ganuwar Tanimu kuwa ta zube, sai ɗan ragowarta. Sunan ɗansa yana nan a kan babbar makarantar sakandare ta Amadu Kuran Daga da ke Zinder, inda ɗalibai ke shiga kowace safiya.