Edward Cope, Mai Tonon Ƙasusuwan Manyan Dabbobi

Ya ku ɗalibai, a yau babu dabbar tudu da ta kai giwa girma. Amma miliyoyin shekaru da suka wuce an yi wasu dabbobi, waɗanda ake kira dainaso, da guda ɗaya daga cikin manyansu takan kai nauyin giwaye goma. Me ya sa suka yi irin wannan girma? A wannan darasi za ku karanta tarihin wani masani wanda ya ƙarar da ƙarfinsa da dukiyarsa wajen tono ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi.

An haifi Edward Drinker Cope ranar 28 ga Yuli, 1840, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku. Mahaifinsa attajiri ne, ya kuma so ɗansa ya zama manomi, har ya saya masa gona. Sai dai hankalin yaron yana kan kifaye da macizai da ƙadangaru. Tun yana matashi ya buga rubutunsa na farko na kimiyya. A shekarar 1863 ya tafi Turai neman ilmi. A birnin Berlin na Jamus ya haɗu da wani ɗan ƙasarsu mai suna Othniel Marsh, suka ƙulla abota.

Ku sani cewa idan dabba ta mutu, laka ko yashi ya binne ta, ƙashinta yana iya rikiɗewa ya zama dutse bayan dogon zamani. Irin wannan ƙashi su biyun suke nema. A shekarar 1868 Cope ya yi bayanin wata dabbar teku da aka tono a jihar Kansas, ya sa mata suna Elasmosaurus. Wuyanta ya fi jelarta tsawo nesa ba kusa ba. Da Cope ya zo harhaɗa ƙasusuwan, sai ya ɗauki wuyan a matsayin jela, ya ɗora kan dabbar a ƙarshen jelarta, ya kuma buga zanen a haka. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Da aka gane kuskuren, kunya ta kama shi, ya yi ƙoƙarin janye takardun da ya raba. Marsh kuwa ya riƙa yi masa gori, abotar da ta riga ta fara tsami ta koma gaba.

Daga nan kowannensu ya tura ma'aikata yammacin Amurka, yana so ya riga ɗan'uwansa gano sababbin dabbobi. Aka yi ta leƙen asiri da ba da toshiyar baki, wani lokaci har a farfasa ƙasusuwa don kada abokin gaba ya samu. A shekarar 1890 rigimar ta fito fili a jarida, mutuncin kowa ya zube. Duk da haka, su biyun sun raɗa wa ire-iren dainaso fiye da 130 suna.

A shekarar 1877 aka aiko wa Cope wasu manyan ƙasusuwa daga jihar Kolorado. Na wata dabba ce mai cin ganye, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 18. Cope ya lura cewa ƙashin bayanta yana da koguna a ciki, kamar ɗakuna. Saboda haka ya kira ta Camarasaurus, wato ƙadangare mai ɗakuna. An tono danginta a wurare da dama, har da yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar.

Cope bai tsaya ga tono kawai ba. Ya kwatanta ƙasusuwan zamani daban-daban, ya ga cewa manyan dabbobi sau da yawa daga ƙananan kakanni suka fito. Ku ɗauki doki misali: kakansa na shekara miliyan 55 da suka wuce bai fi ƙaramin kare ba. Masanan da suka zo daga baya sun kira wannan ra'ayi Dokar Cope, wato zuriyar dabba takan ƙara girma da tafiyar zamani. Dokar ba ta aiki a ko'ina, domin tsuntsaye sun fito ne daga dainason da suka riƙa ƙanƙancewa.

To, mene ne amfanin girma? Babbar dabba tana da wuyar kamawa ga mai farautarta. Babban ciki kuma yana riƙe ganye mai tauri ya daɗe har ya narke. Dangin Camarasaurus suna da ƙarin dalilai. Ba sa tauna abinci, haɗiye shi suke yi, don haka kansu bai yi nauyi ba, wuya ya sami damar yin tsawo. Da dogon wuya dabba takan ci ganyen fili mai faɗi tana tsaye wuri ɗaya. Kogunan da Cope ya gani kuwa, masana sun gane cewa iska ce take cika su, kamar yadda yake a jikin tsuntsaye. Wannan ya rage nauyin ƙashi, ya kuma sauƙaƙa numfashi. Sannan ƙwai suke sakawa da yawa, ba haihuwar ɗa guda ba kamar giwa.

Amma girma yana da nasa haɗari, domin babbar dabba tana bukatar abinci mai yawa. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin sama, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu. Manyan dainaso duk suka ƙare, wasu ƙananan dabbobi suka tsira.

Shi ma Cope ƙarshensa bai zo da sauƙi ba. Tono ya ci kuɗi, ya kuma zuba gadonsa a haƙar azurfa, ya yi hasara. A shekarar 1895 ya sayar da wani ɓangare na ƙasusuwan da ya tara ga gidan adana kayan tarihi na birnin New York. Ya mutu ranar 12 ga Afrilu, 1897, yana da shekara 56. Ya bar rubuce-rubuce kusan 1,400, ya kuma raɗa wa ire-iren dabbobi fiye da 1,000 suna. Gaggawa da gaba sun rage masa daraja a idon mutanen zamaninsa, amma ƙasusuwan da ya tara har yau masana suna nazarinsu.

Tambayoyi

1. Wace sana'a mahaifin Cope ya so ya yi?
2. Wane kuskure Cope ya yi wajen harhaɗa Elasmosaurus?
3. Me ake nufi da Dokar Cope?
4. Ku kawo dalilai uku da suka sa dangin Camarasaurus suka yi girma.
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin wannan darasi.