Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciki Gani

Duk wanda muka yi aji uku tare ba zai manta da ranar da malamin kimiyya ya sa muka huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, muka rufe bakinsa da takarda mai maiƙo, muka ga harshen kyandir ya fito a kife ba. Mu dai dariya muka yi ta yi. Sai bayan na bar makaranta da shekaru na gano cewa wannan wasa yana da asali wurin wani malami, Alhasan ɗan Haisam, wanda Turawa ke kira Alhazen.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Masu tarihi sun ce ya taɓa cika baki cewa zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu, magana ta kai kunnen Halifa Alhakim na Masar, ya aika a kawo shi. Da ya isa wajen Aswan ya ga kogin da idonsa, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. Gani ya kori ji ke nan. To, Alhakim ba sarkin da ake saɓa wa alkawari ba ne, don haka, in ji masu labarin, malam ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021.

Shi ne ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani. Kafin shi, manyan masana irin su Iƙlidis da Batlamus sun ɗauka ido ne ke fitar da haske ya taɓo abin da ake kallo. Shi kuwa ya lura cewa kallon rana yana cutar da ido, alamar daga waje abin ke shigowa. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya bar 'yar kafa. Kowace fitila ta aika ɗigon haskenta a bango, in ya rufe ɗaya sai nata ɗigon kaɗai ya ɓace.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne bai bar idon kansa ba tare da tuhuma ba. Ya nuna cewa haske da launi kawai ido ke karɓa. Nisan abu, da girmansa, da gane cewa wancan mai tahowa ɗan'uwanka ne, duk hukunci ne da hankali ke yankewa cikin sauri har ba ma lura, kuma mai hukunci yana iya kuskure. Kashi na uku na littafin kacokan a kan kurakuran gani yake. Wata yakan yi mana girma in yana fitowa a bayan gari, ya ƙanƙance in ya hau tsaka, alhali watan bai sake ba. Na san wannan sarai, amma har gobe idona bai daina ruɗa ta ba. Shi ya sa malam ba ya karɓar shaidar ido sai ya sake gwadawa, ya auna.

Ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana sayarwa don ya ci abinci, ya rasu wajen 1040. An juya littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, shekara fiye da 500 bayan rasuwarsa.