Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1881–1953) da Sha'anin Lafiyar Jama'a

Alhaji Abdullahi Bayero shi ne sarki na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano, kuma ya yi shekara 27 a kan gado, daga 1926 zuwa 1953. Galibin masu ba da tarihinsa sun fi mayar da hankali kan tsoron Allahnsa da zuwansa Makka, wanda ya sa ake kiransa Sarki Alhaji. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da bai kamata ɗalibi ya tsallake ba. A zamaninsa ne ruwan famfo da asibiti da duba-gari suka shiga cikin ganuwar Kano, kuma a zamaninsa ne sanar da hukuma ɓullar annoba ya zauna da gindinsa a cikin ayyukan masu sarauta.

Asalinsa da Tasowarsa

An haife shi a shekarar 1881. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Yana yaro aka yi Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, yana saurayi kuma Turawan Ingila suka ci birnin a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa mahaifinsa sarki. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafai a hannun malaman fada kamar yadda 'ya'yan sarauta suka saba. Daga baya aka naɗa shi Ciroman Kano, ya riƙe hakimci a Dawakin Kudu, sa'an nan aka mayar da shi Bici.

Shekarun da ya yi yana hakimi shekaru ne na masifa ga talakawan ƙasar Kano. An yi yunwar Kakalaba a 1914. A 1918 murar nan da ta game duniya ta iso Arewa ta bin hanyar jirgin ƙasa, wanda ya kai Kano tun 1911. Tsakanin 1924 da 1925 kuma wani zazzaɓi da ƙwarƙwata ke yaɗawa, mai tafiya ya dawo, ya hallaka dubun-dubatar mutane a lardin Kano. Banda waɗannan ga agana da sanƙarau da suke dawowa kusan duk rani. Hakimi shi ne ke riƙe da takardar haraji, saboda haka shi ne farkon wanda zai ga sunayen magidanta suna raguwa a ƙauye bayan ƙauye. Wanda ya hau gadon Kano a 1926, bayan rasuwar baffansa Sarki Usman, mutum ne da ya riga ya san abin da annoba take yi wa ƙasa.

Halin da Ya Tarar

Domin a fahimci aikinsa, wajibi ne a san yadda Turawan mulkin mallaka suka ɗauki sha'anin lafiya da farko. Babban abin da ya dame su shi ne lafiyar ma'aikatansu da sojojinsu. Likitocinsu sun yi amanna cewa sauro yana ɗauko zazzaɓi daga jikin 'yan ƙasa ya kai wa Bature, don haka maganin abin a wurinsu shi ne a raba mazauni. Dokar birane ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A kan wannan tsari aka shata Nasarawa da Bompai a gabashin ganuwa, da manyan filaye da itatuwa da asibitinsu na kansu. Baƙi daga Kudu aka ware musu Sabon Gari, birni kuwa aka bar shi da halinsa.

Halin nasa kuwa ba mai daɗi ba ne. Gidajen Kano na ƙasa ne, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini an bar kududdufi. Da damina waɗannan kududdufai sukan cika, su zama wurin wanki da wanka da shayar da dabbobi da zubar da shara, su kuma zama matattarar sauro. Rijiyoyi da yawa ba su da zurfi, ga su kusa da masai. Rafin Jakara ya ratsa tsakiyar gari ta gefen Kasuwar Kurmi yana kwasar ƙazantar mahauta da majema. Tun a 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya lura da illar wannan fadama ga lafiyar mazauna birnin. Atuni da kurkunu da tsargiya duk ta ruwa suke shiga jikin mutum, amma a wancan lokaci kaɗan ne suka san haka.

Ruwan Calawa

An fara maganar kawo ruwa birni tun zamanin Sarki Usman, amma a hannun Abdullahi Bayero aikin ya tabbata. Abin lura shi ne, ba gwamnatin Ikko ce ta biya kuɗin ba. Daga baitulmalin En'e ta Kano aka fitar da su, wato daga harajin talakawa da jangalin makiyaya. An kafa injuna a bakin kogin Calawa, wajen Fanshekara, kudu maso yamma da birni. Daga nan ake turo ruwa ta bututu zuwa babban tanki a kan Goron Dutse, shi kuma tudun ya gangaro da shi cikin gari. Injunan da aka kafa a can su ne kuma suka ba birnin wutar lantarki. An buɗe aikin a 1931.

Jama'a ba su rungumi ruwan nan take ba. Mutumin da ya gāji rijiya a tsakar gidansa ba ya ganin dalilin sayen ruwa, balle ruwan da ya biyo ta cikin ƙarfen Nasara, wanda wasu suka yi shakkar ko ya halatta a yi alwala da shi. A irin wannan wuri ne darajar sarki ta yi amfani. Abdullahi Bayero mutum ne da malamai suka yarda da addininsa, saboda haka abin da ya shigar gidansa ya yi amfani da shi, da wuya wani ya fito ya ce haram ne. Injiniya yana iya shimfiɗa bututu, amma ba shi da ikon sa mai gida ya sha. Sannu a hankali famfon unguwa ya zama abin da aka saba da shi, har 'yan garuwa suka mayar da shi wurin ɗiba.

A farkon sarautarsa ne kuma aka buɗe Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad. Shi ma En'e ce ta riƙe shi. Shigar da asibiti cikin ganuwa babban mataki ne, domin a da duk wanda yake son ganin likita sai ya fita zuwa wajen Turawa, abin da matan aure da manyan gari ba za su yi ba.

Duba-gari da Sarƙar Rahoto

A 1932 aka kafa Makarantar Koyon Tsabta ta Kano domin horar da ma'aikatan da Hausawa suka raɗa wa suna duba-gari. Sunan kansa abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe. Kalmomi irin su asibiti da likita da famfo aro aka yi daga Ingilishi aka gyara su suka dace da bakin Bahaushe, amma duba-gari ƙirar gida ce, harɗaɗɗen suna daga aikatau da suna, irin su gyara-kayanka. Aikin duba-gari shi ne ya leƙa randa da tulu ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata da juji, ya duba nama a mahauta, ya kuma kai rahoton duk gidan da ya ga alamar cuta mai yaɗuwa. Wanda aka samu da laifi alƙali ne yake cin sa tara. Matsalar da aka fara cin karo da ita ita ce kulle, domin baƙon namiji ba ya wuce zaure. Mafitar da aka samu ita ce ɗaukar mata su shiga cikin gida su duba.

Duba-gari ma'aikacin birni ne da manyan garuruwa. A karkara kuwa tsarin sarauta ne ya zama idon hukuma. Mai unguwa yana sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, hakimi ya rubuto wa fada, fada kuma ta sanar da Razdan da likitan lardi. Tun farkon sarautar Abdullahi Bayero aka raba ayyuka tsakanin 'yan majalisarsa, Madaki yana kula da hakimai, Galadima yana kula da birni, don haka kowane rahoto yana da ƙofar da zai bi. Wannan sarƙa an gina ta ne domin haraji da shari'a, amma ita ce aka ɗora wa kayan lafiya. Idan agana ta ɓulla, ta nan ne ake ba da umarnin killace majiyyaci a bukka a bayan gari, a hana cin kasuwa idan abin ya yi tsanani, a kuma tara mutane domin a yi musu lamba, wato rigakafin da yake barin tabo a dantse.

An ga ƙarfin wannan tsari a yaƙin da aka yi da ciwon barci a shekarun 1930. Ma'aikata sukan sauka a ƙauye, dagaci ya tara kowa da kowa bisa takardar haraji, a shafa wuyan mutum ɗaya bayan ɗaya ana neman kaluluwa, wanda aka samu da cutar a yi masa jerin allurai. Aka kuma tilasta wa jama'a sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando yake zama. A ƙasar Zazzau ma sai da aka tashi mutanen yankin Ancau aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya. Haka nan a annobar sanƙarau ta 1949 zuwa 1950, saurin kai rahoto ya zama batun rai da mutuwa, domin a lokacin an riga an sami ƙwayoyin salfa masu warkar da cutar idan an ba da su da wuri.

Sai dai tsarin yana da raunin da ba ya ɓoyuwa. Bakin da yake tambayar ko akwai marar lafiya a gida shi ne bakin da yake karɓar haraji, yake kuma tara mutane aikin tilas. Saboda haka talaka ya koyi ɓoye majiyyacinsa, wasu kuma da jin masu lamba sun doso sai su bazama daji. Dagaci ma yakan yi shiru don gudun a rufe masa kasuwa. Duba-gari kuwa tsoronsa aka fi yi fiye da ƙaunarsa, kuma cikin koke-koken da 'yan NEPU suka riƙa yi a kan ma'aikatan En'e bayan kafa jam'iyyar a 1950 akwai cin zarafi da karɓar na goro. Daɗin daɗawa, famfo da asibiti a birni suka tsaya, alhali mafi yawan masu biyan harajin da aka yi su da shi suna ƙauye suna shan ruwan tafki.

Batun kutare ya nuna wani hali nasa na daban. A 1937 aka miƙa wa mishan ta SIM kula da zangon kutare na Yadakunya, arewa da birni. Sarki Musulmi ya bar Kiristoci 'yan mishan su yi aiki a cikin ƙasarsa ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, kuma an yi ta taƙaddama kan wa'azin da suke yi wa majiyyata da yara. Duk da haka aikin magani ya ci gaba, har mishan ɗin ta buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Ya ziyarci Ingila a 1934 tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman. A wannan shekara aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Ya yi aikin Hajji a 1937, inda ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, haɗuwar da ta sauya tarihin ɗariƙar Tijjaniyya a Nijeriya. A ƙarshen zamaninsa aka sake gina babban masallacin Juma'a na birni. Ya rasu a watan Disamba na 1953, aka binne shi a gidan sarki na Nasarawa inda mahaifinsa yake kwance. 'Ya'yansa biyu sun yi sarautar Kano, Muhammadu Sanusi daga 1953 zuwa 1963, da Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Sunansa ne Jami'ar Bayero take ɗauke da shi.

Lokacin da ya rasu mutanen Kano da kewayenta ba su wuce kimanin 130,000 ba bisa ƙidayar 1952, kuma masana'antu sun fara tsirowa ke nan a Bompai. Cututtukan da suka fi tayar wa hakimansa hankali wasu sun kau: an tabbatar da ƙarewar agana a duniya a 1980, an kuma tabbatar da rabuwar Nijeriya da kurkunu a 2013. Amma wani haɗari ya taso wanda ba a koya wa duba-garin 1932 ganinsa ba. Daga shekarun 1970 aka buɗe rukunin masana'antu na Sharaɗa, sa'an nan na Calawa, cikinsu har da manyan kamfanonin jima da na saƙa. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, kamfani kuwa da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda manoman rani suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na rukunin Calawa su zube a kogin da Abdullahi Bayero ya jawo wa birni ruwan sha daga gare shi, sama da Tamburawa inda aka gina manyan matatun ruwan Kano na baya.