Emma Livry: 'Yar Rawar Da Siket Ɗinta Ya Yi Ajalinta

 A filinmu na tarihin shahararrun mutane na wannan mako mun leƙa ƙasar Faransa, inda muka zaɓo muku Emma Livry, yarinyar da ta yi suna tana da shekara 16, ta kuma bar duniya tana da shekara 20.

An haifi Emma a birnin Paris a watan Satumba na 1842. Mahaifiyarta 'yar rawa ce a babban gidan wasan birnin da ake kira Opera, don haka a wannan sana'a ta buɗe ido. Rawar da ta koya sunanta bale, wata rawa ce ta Turawa da ake ba da labari da motsin jiki ba tare da magana ba, kuma matan kan tsaya a kan yatsun ƙafa. A 1858 ta fara fitowa gaban jama'a a wasan La Sylphide, nan take sunanta ya bazu.

Wannan wasa shi ne wanda Marie Taglioni ta yi fice da shi a 1832, sanye da farin siket mai sauka ƙasan gwiwa. Irinsa ne daga baya aka sani da suna tutu. Da yadi marar nauyi ake ɗinka shi, shara-shara kamar gidan sauro, a jera shi hawa-hawa, ta yadda in mai rawa ta yi tsalle sai a ga kamar iska ce ta ɗauke ta. Da Taglioni ta ga rawar Emma sai ta jawo ta a jiki, har ta tsara mata wasa nata na kanta a 1860 mai suna Le Papillon, wato malam-buɗe-littafi, Jacques Offenbach ya yi kiɗan. A cikin labarin, jarumar takan kusanci wuta har fukafukanta su ƙone.

A wancan zamani babu lantarki a gidajen wasa. Da fitilun gas ake haska dandamali, harshen wuta na ci dab da inda ake rawa, ga shi yadin tutu ba ya buƙatar komai kafin ya kama. Tun a 1844 wata 'yar rawa ta Ingila, Clara Webster, ta rasu a Landan bayan kayanta sun kama da wuta. Hatta sauran mata ba su tsira ba, domin yayin da ake yi lokacin shi ne faffaɗan siket mai ƙwarangwal na ƙarfe a ciki, wanda kan lashi murhu ko kyandir mai shi ba ta sani ba.

A 1859 gwamnatin Faransa ta kafa doka cewa dole a jiƙa kayan 'yan wasa da wani sinadari mai hana kama wuta. Matsalar ita ce sinadarin kan sandarar da yadi ya kuma dusashe farinsa. Emma ta ƙi. Ta rubuta wa shugaban gidan wasan takarda cewa da siket ɗinta na ainihi za ta yi rawa, kuma ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. Hukumar gidan ta karɓi takardar ta ajiye.

Ranar 15 ga Nuwamba, 1862, ana gwajin wasan La Muette de Portici, siket ɗinta ya taɓa fitila. Cikin firgici ta yi ta gudu a dandamali, gudun kuwa ya ƙara hura wutar, kafin a cim mata a lulluɓe ta da bargo. Ta yi mummunar ƙuna. Wata takwas ta yi tana jinya, sannan ta rasu ranar 26 ga Yuli, 1863. An binne ta a maƙabartar Montmartre, kuma har yau ana ajiye da ragowar kayan da ta ƙone a cikinsu a gidan tarihin Opera.

Bayan rasuwarta abubuwa sun sauya sannu a hankali. Gidan wasan da ta ƙone a cikinsa shi ma gobara ta cinye shi a 1873. A 1881 gidan wasan Savoy a Landan ya fara amfani da hasken lantarki zalla. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 tutu ya gajarce har ya haura gwiwa, domin a riƙa ganin aikin ƙafar gwanaye irin su Pierina Legnani, wadda ta taka rawa a Swan Lake a Rasha a 1895.

Da muka tattauna a ƙungiyarmu, kanmu ya rabu. Wasunmu sun ce laifin Emma ne, tunda an gargaɗe ta. Wasu suka ce yarinyar da ba ta kai shekara ashirin ba, wadda abincinta ya rataya a kan yadda 'yan kallo ke ganinta, ba ita ya kamata a bar wa wannan zaɓi ba, manyan da suka karɓi takardarta suka bar fitilu a inda suke su ne abin tuhuma. Abin da muka yi ittifaƙi a kai shi ne, takardar ɗaukar alhaki ba ta kashe wuta.

Muna roƙon masu kunna kyandir kusa da gidan sauro a ɗakin kwana su tuna da Emma. In kuma kayan mutum suka kama da wuta, kada ya gudu, ya kwanta ya yi ta birgima a ƙasa. Wanda ke da ra'ayi kan wa ya fi laifi, ya rubuto ya miƙa wa ƙungiya, za mu liƙa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.