Waliyi Agustin na Hippo: Mutumin da Karatu Ya Kai Ga Allah

Ga dogon hutu ya zo, 'yan makaranta sun dawo gida, damina kuma ta kankama. A cikin wannan hutu ne Ikilisiya take tunawa da Waliyiya Monika ran 27 ga Agusta, kashegari kuma ɗanta Waliyi Agustin. Mun ga ya dace mu ba da labarin wannan ɗa, domin kusan duk inda rayuwarsa ta sake hanya, littafi ne sanadi.

An haife shi ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ubansa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa, uwarsa kuwa Kirista ce mai naciya ga addu'a. Yana da wajen shekara 17 aka aika shi birnin Kartaj koyon fasahar magana. A can ya zauna da wata mace ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adeyodatus.

Da ya kai shekara 19 ya karanta Hortensius, littafin Sisero, shahararren marubucin Romawa, sai ƙishin hikima ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma ya raina shi, don a ganinsa Latin ɗinsa bai kai na Sisero armashi ba. Daga nan ya faɗa hannun Manikawa, masu koyar da cewa haske da duhu ikoki biyu ne madawwama, ya yi wajen shekara 9 a cikinsu. Duk tsawon lokacin nan Monika ba ta fasa kuka da roƙon Allah ba.

A shekara ta 383 ya yaudari uwar tasa, ya bar ta a bakin teku tana addu'a, ya shiga jirgin ruwa zuwa Roma. Bayan shekara guda ya sami aikin koyarwa a Milan, inda ya riƙa zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros don ya auna iya maganarsa kawai. Sannu a hankali ma'anar wa'azin ta ratsa shi, ya gane Tsohon Alkawari yana da zurfin da bai taɓa hangowa ba.

Duk da haka sha'awar jiki da son girma suka riƙe shi har shekara ta 386. Wani baƙo ya ba shi labarin ma'aikatan fadar sarki biyu da suka bar kome bayan sun karanta tarihin Waliyi Antoni na Masar. Kunya ta kama shi, ya shiga lambu yana kuka. Can ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta Romawa, shakkarsa ta yaye nan take. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na 387. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya, bayan ta ga amsar addu'arta.

Ya koma Afirka, aka naɗa shi firist a Hippo, wato Annaba ta yau, a 391, bayan 'yan shekaru kuma ya zama bishop. A can ya rubuta Confessiones, inda ya furta zunubansa ya kuma yabi alherin Allah. Da Gotawa suka washe Roma a 410, masu bautar gumaka suka ɗora wa Kirista laifi, sai ya amsa musu da Birnin Allah, kundi 22, yana nuna cewa daulolin duniya masu wucewa ne, begenmu kuwa ba a kansu yake ba.

Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da Hippo. A kwanakinsa na ƙarshe ya sa aka rubuta zaburan tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa da hawaye. Bai bar dukiya ba, sai littattafan da ya ce a adana wa Ikilisiya.

Saboda haka muna ba da shawara a karanta Confessiones a wannan hutu, a fara da kashi na 8 da na 9, inda labarin tubansa da rasuwar uwarsa suke. Wanda ya iya Turanci ya karanta, ya bayyana wa sauran da Hausa, a gida ko a taron matasa da na Zumuntar Mata. Iyayen da 'ya'yansu suka daina zuwa Misa, ku tuna Monika ta jira fiye da shekara 10. Ku kuma matasa, ku lura da abin da kuke karantawa, gama littafi yana ɓad da mutum, yana kuma komo da shi gida.

Waliyi Agustin da Waliyiya Monika, ku roƙi Allah dominmu.